Harshen R da Bayanan Taswira: Yadda Ake Lissafin Gari da Gona a Ɗambatta

Bayanan taswira su ne duk wani bayani da aka ɗaure shi da wani wuri takamaimai a doron ƙasa: inda aka haƙa rijiyar burtsatse, titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Ɗambatta ya nufi Kazaure da Daura, iyakar mazaɓa, ko yawan ruwan saman da ya sauka a kan wata gona cikin watan Agusta. R kuwa harshen kwamfuta ne da aka ƙirƙira domin aikin ƙididdiga. Haɗuwar waɗannan biyu ta shiga cikin hanyoyin da hukumomi da ƙungiyoyin agaji ke bi wajen yanke shawarar inda za a gina asibiti, ƙauyen da masu rigakafi za su kai ziyara, da yawan gidan sauron da za a aika kowace mazaɓa. Saboda haka ma'aikacin da bai taɓa rubuta layi ɗaya na R ba ma yana da buƙatar sanin yadda lissafin ke tafiya, domin sau da yawa shi ne zai sa hannu a kan sakamakonsa.

Asalin harshen

Malaman ƙididdiga biyu na Jami'ar Auckland da ke ƙasar New Zealand, Ross Ihaka da Robert Gentleman, su ne suka fara gina R a farkon shekarun 1990, kuma cikakken zubinsa na farko ya fito ranar 29 ga Fabrairun 2000. Kyauta ake sauke shi, babu lasisin da ake sabuntawa duk shekara da dala, abin da ya sa ya karɓu a jami'o'i da ma'aikatun da kasafinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙarfinsa yana cikin ƙunshe-ƙunshen da masu amfani da shi ke rubutawa su ajiye a rumbun da ake kira CRAN, inda kowa zai ɗauka.

A fagen taswira, ƙunshin sp na Edzer Pebesma da Roger Bivand ne ya buɗe hanya a 2005. Daga baya Pebesma ya fitar da sf a 2016, Robert Hijmans kuma ya fitar da terra a 2020 domin ya gaji tsohon ƙunshinsa mai suna raster. A watan Oktoban 2023 aka janye rgdal da rgeos da maptools daga CRAN, don haka duk wani littafin koyarwa da ya dogara da su ya tsufa, ko da yana nan birjik a intanet.

Siffa da gidan dara

Kwamfuta tana riƙe ƙasa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta siffa: ɗigo, layi da kewaye. Asibiti ɗigo ne, titi da rafi layi ne, mazaɓa ko gona kuwa kewaye ne da aka zagaye. Ƙunshin sf yana ajiye su a tebur irin wanda ma'aikatan ofis suka saba da shi a Excel, kowane abu da layinsa, sai dai an ƙara shafi ɗaya da ke ɗauke da siffar abin. Teburin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ɗambatta zai kasance da layuka goma: Ajumawa, Ɗambatta ta Gabas, Ɗambatta ta Yamma, Fagwalawa, Goron Maje, Gwanda, Gwarabjawa, Kore, Saidawa da Sansan.

Hanya ta biyu ta yi kama da gidan dara. Ana yanka ƙasa gurbi-gurbi daidai wa daida, kowane gurbi a saka masa lamba guda: tsayin wurin daga teku, yawan ruwan sama, ko hasken da ya koma sama daga ganyen shuka. Hotunan tauraron ɗan'adam duk a wannan tsari suke, kuma terra ne ke sarrafa su. Girman gurbin shi ke nuna iyakar abin da za a iya gani. Taurarin Sentinel-2 na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ba da gurbi mai mita 10 a kowane ɓangare, suna kuma komowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana biyar. Landsat na Amurka mita 30 ne. Bayanan ruwan sama na CHIRPS, da suka faro daga 1981, gurbinsu ya kai kusan kilomita biyar. Ɗambatta tana da faɗin murabba'in kilomita 732, wato hekta 73,200, kuma kowace hekta gurbi 100 ce a hoton Sentinel-2. Ke nan ƙaramar hukumar kaɗai ta haura gurbi miliyan bakwai a hoto guda, lissafin da ba a yinsa da hannu amma kwamfutar cinya ta talaka tana gama shi kafin shayi ya huce.

Dalilin da ya sa Ɗambatta ke da wuyar aunawa

Ƙidayar 2006 ta ba Ɗambatta mutum 207,968, kimanin mutum 284 a kowane murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da shahara a wurin masana saboda cunkoson jama'a da noman da ba ya barin saura. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya wallafa nazari a kan wannan yanki tare da J. Wilson tun a 1965. Abin da ya ja hankalinsu, wato ƙananan gonaki manne da juna da gidaje warwatse a tsakaninsu, shi ne yake wahalar da mai lissafi a yau.

Gonar da gado ya raba ta sau biyu ko uku takan koma siririn yanki da gamba ko aguwa ke shata iyakarsa. A cikinta kuma manomi ya haɗa gero da dawa da wake, wani lokaci har da gyaɗa. Gurbi ɗaya na hoton zai iya haɗa gefen gonar wani, da turba, da inuwar ɗorawa, sannan ya ba da lamba guda tak. Akwai ma'aunin koren ganye da ake kira NDVI, wanda ake samu ta hanyar gwama jan haske da wani hasken da ido ba ya gani, kuma lissafinsa a terra layi ɗaya ne. Ma'aunin yana nuna cewa akwai kore, amma ba ya rarrabe gero da ciyawa. Bishiyar gawo ma tana da nata ruɗin, domin da damina take kaɗe ganye, da rani ta yi shar. Wanda ya ga kore a hoton watan Fabrairu ya ɗauka noman rani ake yi kamar na bakin madatsar ruwa ta Tomas, alhali gawo ne tsaye a busasshiyar gona, ya yi kuskuren da ɗan shekara goma a Kore ba zai yi ba. A tsakiyar damina, lokacin da aka fi buƙatar hoto, gajimare ne ke rufe ƙasa. A nan sai a koma ga Sentinel-1, wanda ke aiki da na'urar rada mai keta gajimare, ko da yake fassara hotonsa ta fi wuya.

Auna gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. A farkon mulkin Turawa an yi malaman taki, waɗanda ke auna gonaki da takun ƙafa domin yanka haraji. Ba abin mamaki ba ne idan har yau dattijo ya ga baƙo na zagaya gonarsa da waya a hannu ya nemi jin ba'asi kafin ya buɗe baki.

Ma'aunin wuri, inda aka fi yin tuntuɓe

Kowane wuri yana da lambobi biyu: latitud, mai nuna nisa daga tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, da longitud, mai nuna gabas ko yamma. Garin Ɗambatta yana wajen digiri 12.4 arewa da 8.5 gabas. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne, don haka lambar da aka rubuta da gurabe biyu kacal bayan ɗigo tana iya kauce wa wurin da ɗaruruwan mitoci, mai gurabe biyar kuwa tana kai mutum kusan bakin ƙofa.

Mutane sun saba faɗin latitud kafin longitud, amma sf yana jiran longitud ne da farko. Idan magatakarda ya juya su, asibitin Ɗambatta zai tashi ya sauka a yankin kan iyakar Adamawa da Kamaru, kuma R ba zai yi ƙorafi ba, tunda wurin ma ƙasa ce. Idan kuma aka cike gurbin da babu bayani da sifili, ɗigon zai faɗa cikin teku a kudu da Ghana. Wannan na biyun ya fi sauƙi, domin ido na kama shi da zarar an zana taswirar.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɓuya. Wayoyin hannu da na'urorin GPS suna aiki da ma'aunin duniya mai suna WGS 84, mai lambar rajista 4326. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa an gina su a kan ma'aunin Minna, wanda ya samo sunansa daga garin da aka kafa tushensa. Lambobi iri ɗaya a ma'aunan biyu suna nuna wurare biyu da ke da tazarar gomomin mitoci a tsakaninsu. A dajin da babu kowa wannan ba komai ba ne. A Ɗambatta kuwa ya isa ya ɗauke iyakar gona ya ɗora ta a tsakiyar ta maƙwabci, kuma rigimar gona ba ta buƙatar fiye da haka kafin ta kai gaban dagaci ko alƙali. Maganin a R shi ne a fara tambayar kowane fayil ma'auninsa da umarnin st_crs, sannan a mayar da su duka kan ma'auni ɗaya da st_transform. Ga aikin da ke buƙatar mita da hekta a Jihar Kano, akan zaɓi shiyya ta 32 ta tsarin UTM, mai lamba 32632, wadda ta rufe daga digiri 6 zuwa 12 gabas.

Suna ɗaya, rubutu uku

Yawancin aikin ofis haɗa tebur biyu ne: na alƙaluma daga ma'aikata, da na iyakoki daga masu taswira. R yana haɗa su ta hanyar daidaita suna harafi da harafi. Sunan wannan ƙaramar hukuma kuwa yana zuwa a matsayin Dambatta a wata takarda, Danbatta a wata, Ɗambatta a rubutun Hausa na ƙa'ida. A wurin kwamfuta waɗannan garuruwa uku ne da ba su san juna ba. Sakamakon shi ne taswirar ƙananan hukumomi 44 na jihar za ta fito da farin rami a arewacinta, ko kuma, abin da ya fi muni, jimillar jihar ta ragu ba tare da kowa ya lura ba. Maƙwabciyarta Makoɗa tana da irin wannan matsala saboda harafinta mai lanƙwasa.

Tsohon tsarin fayil na shapefile, wanda kamfanin Esri ya fito da shi a shekarun 1990 kuma har yanzu shi ya fi yawo a ofisoshi, yana ƙara dagula lamarin. Ba ya karɓar sunan shafi da ya wuce haruffa goma, kuma idan ba a bayyana tsarin haruffansa ba yakan mayar da ɗ da ƙ da ɓ alamomin tambaya. Tsarin GeoPackage da aka amince da shi a 2014 ya kauce wa duka biyun. Masu ƙwarewa kan guje wa haɗawa da suna gaba ɗaya, su yi amfani da lambar shaida da aka ba kowace ƙaramar hukuma da mazaɓa, sannan su ƙirga layukan teburin kafin haɗawa da bayanta.

Iyakokin kansu ba su tsaya wuri ɗaya ba. An cire Jigawa daga Kano a 1991, ƙananan hukumomin Kano kuma sun kai 44 a 1996. Duk wanda zai gwama ƙidayar 1991 da ta 2006 sai ya tabbatar ƙasa ɗaya yake aunawa. Iyakokin mazaɓu da ake saukewa daga intanet kuma galibi na gudanar da aiki ne, waɗanda aka zana tare da ma'aikatan lafiya da masu unguwanni, ba hukuncin doka ba ne a kan inda wata mazaɓa ta ƙare.

Abin da yaƙi da shan inna ya bari

Mafi yawan bayanan taswirar karkarar Kano da ake amfani da su yanzu sun samo asali ne daga yaƙi da cutar shan inna. Bayan dakatar da rigakafin da aka yi a jihar daga 2003 zuwa 2004, da kuma shekarun da cutar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, an gane cewa taswirorin hannu da ma'aikata ke zanawa suna tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage, musamman waɗanda ke kan iyakar mazaɓu biyu, inda kowace tawaga ke zaton na ɗayar ne. Daga wajen 2012, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa mai cibiya a Kano, aka shiga zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana tura mutane su tabbatar da sunayensu, ana kuma ba masu rigakafi wayoyi masu GPS domin a ga inda ƙafarsu ta taka. An ga cutar ta ƙarshe mai asali a Jihar Kano a watan Yulin 2014 a Sumaila, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita.

Wannan aiki ne ya zama harsashin shirin GRID3, wanda ke wallafa matsugunai da asibitoci da makarantu da iyakokin mazaɓu kyauta. Ƙungiyar WorldPop ta Jami'ar Southampton da ke Ingila ta ɗora a kai da ƙiyasin yawan jama'a a gurabe masu kimanin mita 100. Dabarar ita ce a ƙirga mutane gida-gida a wasu zaɓaɓɓun unguwanni, a duba alaƙar yawansu da irin gine-ginen da ake gani daga sama, sannan a yi amfani da wannan alaƙa a ƙiyasta sauran wuraren. Da R aka yi babban ɓangaren wannan lissafi. Kowane ƙiyasi yana zuwa da iyakar ƙasa da ta sama, sai dai rahotannin ofis sun fi son lamba guda, su yar da sauran. Wannan ɗabi'a tana da illa, domin a ƙaramin ƙauye tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu tana da faɗi ƙwarai, kuma rufin kwano ba ya faɗin ko mutum biyar ne a ƙarƙashinsa ko goma sha biyar.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ma ta shata yankunan ƙidaya da na'urori domin ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023, wadda aka ɗage ana saura kwanaki.

Misalin aiki guda

A ɗauka sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana son sanin mutum nawa ne ke zaune nesa da asibiti fiye da kilomita biyar. Mai lissafi zai karanto ɗigogin asibitoci da iyakokin mazaɓu da st_read, ya mayar da su kan ma'aunin mita, ya zana da'ira mai kilomita biyar a kewayen kowane asibiti da st_buffer, ya cire da'irorin daga taswirar mazaɓu, sannan ya sa terra ya tara yawan jama'ar gurabun da suka rage. Ƙunshin tmap ko ggplot2 zai zana sakamakon. Duka bai wuce layuka ashirin ba, kuma fa'idarsa a kan danne-dannen linzami ita ce rubutun yana nan: wani ma'aikaci zai iya karanta shi, ya gano inda aka kauce, ko ya sake gudanar da shi baɗi idan an buɗe sabon asibiti.

Tambayoyin da shugaban sashe ya kamata ya yi suna nan a fili. Da'irar tafiyar tsuntsu take aunawa, ba ta san rafin da ke cika a watan Agusta ba. Ɗigon asibiti ba ya nuna ko akwai ungozoma a cikinsa da dare. Idan kuma an yanke taswirar daidai kan iyakar ƙaramar hukuma, mutanen da ke gefen arewa za su bayyana kamar ba su da asibiti, alhali wataƙila Kazaure suke zuwa, wadda ke Jihar Jigawa. Ya kamata a shigar da asibitocin maƙwabta cikin lissafin kafin a yanke.

Ɗan kasuwa ma yana da rabo a nan. Dillalin hatsi a Dawanau da ke sayen kaya a kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi zai iya gwama ruwan saman bana da matsakaicin shekaru arba'in daga CHIRPS, ya ga shiyyar da damina ta yi gardama tun kafin kaka. Mai sayar da takin zamani zai iya duba inda gonaki suka yi yawa amma shago ya yi nisa. Gurbi mai kilomita biyar ba zai faɗa masa halin gonar mutum ɗaya ba, amma yana nuna bambancin Ɗambatta da Tudun Wada a kudancin jihar, inda ruwa ya fi sauka.

Kayan aikin ba su da tsada: kwamfutar cinya, R, da manhajar RStudio wadda ita ma kyauta ce. Data ake buƙata wajen sauke ƙunshe-ƙunshe da hotuna, bayan haka aikin yana tafiya ba tare da intanet ba. Da yawa kan haɗa da QGIS domin duba taswira da ido kafin lissafi.

Sirrin mutane

Ɗigon GPS da aka ɗauka a ƙofar gida ya fi suna tona asiri, domin Musa da yawa ne a gari amma gidan ɗaya ne. Teburin da ya haɗa wurin gida da cutar da ke cikinsa, ko da bashin da ake bin mai shi, yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma tura shi a zauren WhatsApp na ofis ganganci ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda ake gudanarwa a Najeriya tare da Hukumar Ƙidaya, yana gusar da ɗigon kowane rukunin gidaje da gangan kafin ya saki bayanan: har zuwa kilomita biyu a birni, kilomita biyar a karkara, kashi ɗaya cikin ɗari na rukunan karkara kuma har zuwa kilomita goma. A ƙasa mai cunkoso irin ta Ɗambatta, kilomita biyar na iya tsallake ƙauyuka da dama har ta shiga wata mazaɓa, don haka waɗannan ɗigogi sun dace da nazarin jiha ko shiyya, amma ba a ɗora su a kan taswirar mazaɓa a ce ga halin da Fagwalawa ko Sansan ke ciki.